Tabarya Da Ciwon Bayan Mai Juna Biyu

Ya ke 'yar'uwa mai juna biyu, a ranakun awo babu kukan da na fi ji daga matan Wurno, Rabah da Goronyo kamar na ciwon baya da ƙugu. In na tambayi aikinsu, amsar ɗaya ce: daka, surfe, jan ruwa a rijiya, da gyaran albasa da tafarnuwa in an kwaso daga fadama. A ganina yadda ake yin aikin ne ke jawo yawancin ciwon, kuma ana iya gyarawa.

Akwai wani wasa da ake kira golf, wanda ake yi har a Kano da Kaduna, inda ake ɗaga sanda a make ƙaramar ƙwallo ta yi nisa. Masu koyar da shi suna nuna wa ɗalibi cewa ƙarfin bugu daga ƙasa yake tasowa: ƙafafu su kafu, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, ƙugu ya motsa, sannan hannu ya biyo baya. Wanda ya ɗora wa bayansa aikin, ƙwallonsa ba ta nisa, kuma ciwo na jiransa. Wasan na cin baya ko ga gwani: Tiger Woods na Amurka an yi masa tiyata a baya a 2014, a 2017 kuma aka haɗe masa ƙasusuwa biyu na gadon baya. To, tabaryarki ta fi sandarsa nauyi, ga kuma ciki kina ɗauke da shi.

Yayin da ciki ke girma, nauyinki yana rinjaya gaba, ƙasan baya ya ƙara lanƙwasa. Jiki kuma yana fitar da wani sinadari mai sassauta jijiyoyin da ke riƙe da ƙasusuwan ƙugu domin shirin haihuwa. Shi ya sa abin da kike yi da sauƙi a da, yanzu yake gallabarki.

In za ki yi daka, matso kusa da turmi, ki buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa. Ki miƙe baya, gwiwa ta riƙa sauka tare da tabarya, ki bar nauyinta ya yi miki aiki. In turmin gajere ne, a sa a ɗora shi kan abu mai ƙwari don kada ki duƙa. Wajen ɗaukar bokiti, ki tsuguna, ki jawo shi jikinki, ki tashi da ƙarfin cinya. Kada ki murɗa baya da kaya a hannu. Juya ƙafafunki gaba ɗaya. Rabin bokiti sau biyu ya fi cikakke sau ɗaya.

Wasu na cewa aikin ƙarfi a watan haihuwa yana sa naƙuda ta zo da sauƙi. Tafiya da motsa jiki daidai gwargwado suna da amfani, amma wahala ba ta buɗe hanyar haihuwa. Maigida, kuɗin injin niƙa bai kai kuɗin jinya ba. Uwar miji da abokan zama, ku karɓe mata jan guga da ɗaukar buhu har ta sauka.

Kada ki sha ibuprofen ko diclofenac da kanki, domin suna iya cutar da jariri. Ki garzayo asibiti in ciwon baya yana zuwa yana tafiya kafin ciki ya cika mako 37, ko kin ga jini, ko ruwa ya fashe, ko akwai zazzaɓi da zafin fitsari.

Allah ya sauke ki lafiya, amin.