Koke Kan Dam Ɗin Ƙasa da Ke Saman Garinmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Ranka ya daɗe,

Mu mazauna unguwannin gangaren rafi mun kawo maka kukanmu kan dam ɗin ƙasa da wani bawan Allah ya tare rafin da shi a gonarsa, don noman rani da kiwon kifi. Ba sana'arsa muke ƙi ba. Samarinmu na ƙwadago a wurinsa, dabbobinmu na shan ruwan da rani. Halin da ginin yake ciki ne ya hana mu barci, ga damina ta kankama.

Irin wannan dam tarin ƙasa ne aka daddaɓe da katafila, babu kankare a cikinsa. Da zarar ruwa ya haura ta samansa, sai ya soma cin bayansa, kuma cikin dare ɗaya yana iya yanke shi. Shi ya sa ake bar masa mafita a gefe, inda rarar ruwa za ta bi ta wuce. To, wannan mafitar ce mai dam ya sa aka toshe da bulo da buhunan yashi, wai don ruwan ya kai shi bazara. Yanzu in aka yi ruwan kirki, tsakanin ruwa da saman ginin bai wuce kamu biyu ba.

Akwai kuma wanda ya fi wannan tayar da hankali. A gindin ginin, ta ɓangarenmu, ruwa ya daɗe yana tsattsafowa. A da garau yake fita, har mata na wanki a wurin. Bana ya koma ja, yana fitowa da laka, har ta taru a bakin ramin da yake fitowa. Wannan lakar daga cikin ginin ruwa yake ɗebo ta, wato yana rarake shi ta ciki, alhali mai kallo daga waje ba zai ga komai ba. Ga darbejiya da bagaruwa sun girma a jikinsa, saiwarsu ta ratsa ƙasar, ga gara ta yi suri, shanu kuma sun mai da samansa burtali har ya loɓa a tsakiya.

Mun sami mai dam ɗin tare da mai unguwa da liman. Ya karɓe mu da mutunci, ya ce shekara da shekaru dam ɗin na tsaye, kuma Allah ne mai tsarewa. Ba mu musa ba. Sai dai shi a birni yake kwana, mu ne da 'ya'yanmu a bakin ruwa. Dam ɗin Bagauda injiniyoyi suka gina shi, amma ya ɓalle a watan Agustan 1988. Na Alau ya ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya raba dubban mutane da gidajensu. Balle wannan da ba mu taɓa ganin wani ma'aikaci ya zo duba shi ba.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, a turo injiniya daga ma'aikatar albarkatun ruwa ta jiha ya gani da idonsa tun kafin marka. A umarci mai dam ya kwashe abin da ya toshe mafitar, ya kuma rage ruwan sannu a hankali har a gyara inda ke yoyo. Batun bishiyoyin ma a bar wa injiniya, don tuge su da garaje zai bar ramuka a jikin ginin. Muna so a bincika ko da izinin hukuma aka tare rafin, a kuma sanar da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Kafin nan, a sa mai gadi da waya a hannu ya riƙa kwana a wurin, domin ya tashe mu idan ruwa ya yi yawa.

Ranar da za a zo, a shirye muke mu nuna kowane wuri da muka ambata.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙo.

Mu ne naka,
Dattawa da magidantan unguwannin gangaren rafi.