Kafin a sayo wa kwamfutar gida UPS, ku fara yin wannan lissafi

Yau za mu yi magana ne a kan wani ɗan akwati baƙi mai nauyi da ake ajiyewa a ƙarƙashin teburin kwamfuta, wanda ke fara kuka da zarar an ɗauke wuta. Sunansa UPS. Waɗannan haruffa uku a taƙaice suna nufin na'urar da ke ba da wuta ba tare da yankewa ba.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, shi ya sa gidaje da yawa suka daure suka sayi kwamfuta domin yara su riƙa gwaji da ita. To amma halin wutarmu ba sai an gaya muku ba. Ko kuna ƙarƙashin KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa, ko kamfanin Kaduna da ke raba wuta har Sakkwato da Kebbi da Zamfara, ko NIGELEC a Maraɗi da Damagaram, ba a sallama kafin a ɗauke ta. Ko masu rukunin A, waɗanda suka fi kowa biyan kuɗi, awa 20 aka yi musu alkawari a rana, ba 24 ba. Idan a gidanku an fara maganar sayen UPS, ku ne kuka fi kowa amfani da kwamfutar, don haka ya kamata ku iya ba Baba ko Yaya shawarar da za ta hana asarar kuɗi.

Me ake asara idan wuta ta yanke?

Duk abin da kuke rubutawa, kafin ku adana shi, yana zaune ne a wata ma'adana ta wucin gadi da ake kira RAM. Ita wannan ma'adana da wuta take riƙe abin da ke cikinta. Wuta na yankewa, komai ya goge, ko da shafi goma kuka rubuta na aikin makaranta. Wannan ita ce ƙaramar asara. Babbar ita ce idan wutar ta yanke daidai lokacin da kwamfuta ke rubuta wani abu a babbar ma'adanarta, ko tana tsakiyar sabunta Windows. A nan fayil kan lalace, wani lokaci ma kwamfutar ta ƙi tashi sai an kai ta wurin mai gyara.

Aikin UPS shi ne ya tare wannan. A cikinsa akwai batir, da abin da ke cajin batirin, da kuma ƙaramar inbata mai juya wutar batir ta koma irin ta soket. Idan wuta ta yanke, yakan koma kan batir cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba, kafin kwamfuta ta ankara.

Abu na farko da za ku riƙe shi ne, UPS ba janareta ba ne, kuma ba irin inbatar sola da ke riƙe gida har asuba ba ce. Mintuna yake saya muku, domin ku adana aiki ku kashe kwamfuta yadda ya dace, ko a samu a tayar da janareta. Wanda ya saye shi da niyyar kallon fim har ƙarshe, zai yi ta zagin mai shago a banza.

Haka kuma, idan kwamfutarku ta tafi-da-gidanka ce kuma batirinta lafiya lau, kusan ba ku da buƙatar UPS, domin batirin nata shi ke yin wannan aiki. Idan batirin ne ya mutu, gara a sa kuɗin a sayo sabo. Kwamfutar tebur, wadda ba ta da batir ko kaɗan, ita ce ta fi buƙatarsa.

Lambar da ke jikin kwali

A shago za ku ga an rubuta 650VA, ko 1000VA, ko 1500VA da manyan haruffa. Mutane da yawa sukan ɗauka wannan lamba ita ce yawan wat ɗin da na'urar za ta ɗauka. Kama da wane ba ta wane. A darasin Fiziks an koya muku cewa idan aka ninka bolt da amfiya a samu wat. Wannan daidai ne a wutar batir. A wutar soket kuwa, wadda ke kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa, abin da wannan ninkawa ke bayarwa shi ne VA, kuma ainihin wat ɗin da ke yin aiki yakan gaza haka. A yawancin ƙananan UPS na gida, wat ɗin kusan kashi 60 cikin 100 ne na VA. Wato mai 650VA yana ɗaukar wat 360 zuwa 390, mai 1000VA wajen wat 600, mai 1500VA kuma wajen wat 900. Ku juya kwalin, za ku tarar da lambar wat ɗin an rubuta ta da ƙananan haruffa, da harafin W a gabanta. Ita ce abin dubawa.

To yanzu sai ku ƙirga abin da za ku jona. Mu ɗauki misali. Kwamfutar tebur ta rubutu da bincike, a ce tana cin wat 120. Allonta na zamani marar ƙeya, wat 30. Rautar intanet, wat 10. Jimla wat 160 ke nan. Sai ku ƙara kwata a kai domin kada na'urar ta riƙa aiki a maƙure, ya zama wat 200. Kun ga mai 650VA ya wadatar, har da saura. Amma idan allon tsoho ne mai ƙeya, shi kaɗai yana iya cin wat 70 zuwa 100. Idan kuma kwamfutar ta manyan wasanni ce ko ta haɗa bidiyo, tana iya haura wat 400, sai a nemi mai 1000VA ko sama.

Kada lambar da ke jikin akwatin wutar kwamfuta, misali 450W, ta tsorata ku. Iyakar abin da akwatin zai iya bayarwa ke nan, ba abin da kwamfutar ke ci kullum ba.

Minti nawa zai riƙe?

Wannan ya dogara ne a kan batir, ba a kan VA ba. Yawancin masu 650VA batir ɗaya ne a cikinsu, mai bolt 12 da 7Ah. Ku ninka 12 da 7, ku samu 84. Ma'ana, a takarda, batirin zai iya ba da wat 84 na tsawon awa ɗaya. Ku raba 84 da wat 160 ɗinmu na ɗazu, za ku samu kusan rabin awa. A zahiri kuwa ba zai kai ba. Inbatar ciki tana ɓatar da wani kaso ya zama zafi. Sannan ita 7Ah ɗin, an auna ta ne da jan wuta a hankali cikin awa 20, kuma batirin dalma idan aka ja shi da sauri ba ya ba da duk abin da ke cikinsa. Don haka ku sa ran wajen minti goma, idan batirin sabo ne. Wannan ya ishi mutum ya adana aiki ya kashe.

Daga nan za ku gane dalilin da UPS biyu masu lambar VA daban kan riƙe wuta kusan daidai: batirinsu iri ɗaya ne. Ku tambayi mai shago batir nawa ne a ciki, kuma Ah nawa. Masu 1500VA galibi batir biyu gare su, shi ya sa suka fi nauyi. Idan kun ɗaga kun ji shi sakayau alhali lambar kwalin babba ce, ku yi hattara.

Iri uku ne

Akwai mafi araha, wanda ke zaune yana jira har sai wuta ta yanke ko ta lalace sannan ya koma batir. Akwai na biyu, wanda ban da wannan yana da wani sashe mai aiki kamar sitabilaiza: idan wuta ta yi rauni ya ɗaga ta, idan ta yi yawa ya sauke ta, duk ba tare da ya taɓa batir ba. A jikin kwalinsa za ku ga haruffan AVR. Na uku shi ne wanda kullum yake sarrafa wutar daga farko, ba shi da wani jinkiri ko kaɗan. Irinsa ake sa wa manyan kwamfutocin bankuna da na'urorin asibiti, kuma tsadarsa ta wuce buƙatar gida.

A unguwanninmu, inda taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidajen da suka fi ƙarfinta, wuta kan zo da rauni har ka ga ƙwan fitila ya yi ja. A irin wannan wuri na biyun ne ya dace. Na farkon zai yi ta tsalle zuwa batir alhali akwai wuta, kafin a ɗauke ta da gaske ya riga ya zuƙe. Ku duba kuma iyakar ƙarfin wutar da yake karɓa. Wanda ke karɓa tun daga bolt 140 ya fi wanda sai ta kai 170.

Wani abin lura shi ne siffar wutar da ke fita daga batir. Masu araha suna fitar da wuta mai hawa-hawa kamar matakala, wadda kwaikwayon ta soket ce kawai. Kwamfutoci da yawa ba su damu ba, amma wasu sababbi masu ƙarfi kan mutu nan take idan aka koma batir. Idan taku irin wannan ce, ku je da ita shago a gwada, ko a nemi wanda ke fitar da wuta sumul irin ta soket. Ƙaramin janareta ma yakan ba da matsala, domin wutarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai ka ji UPS na ta ƙas-ƙas yana ƙin karɓa. Ku gwada su tare tun garanti bai ƙare ba.

A kasuwa

Ko a Titin Beirut na Kano za ku saya, ko a Banex da ke Abuja, ƙa'idar ɗaya ce. Za ku ga sunaye irin su APC da Mercury da Blue Gate da Eaton, amma suna kaɗai bai isa ba, domin akwai jabu. Ku karɓi rasit da takardar garanti. Ku duba ranar da aka ƙera shi, saboda batirin dalma yana zubar da caji ko ba a amfani da shi, kuma wanda ya shekara a kanta ba caji ya riga ya fara lalacewa. Ku sa a jona masa kwamfuta a gabanku, a zare filogi daga bango, ku gani da idonku. Ku tabbatar kuma ramukan bayansa sun dace da filoginku, kuma ana iya buɗe shi a canja batir.

Idan na hannu ne, ku ɗauka batirinsa ya mutu, ku haɗa kuɗin sabo a lissafi. Sannan ku karanta takardar da ke bayansa. Wutarmu bolt 220 zuwa 230 ce, ta Amurka kuwa 120. UPS da aka ƙera don Amurka, idan aka cusa shi a soket ɗinmu ƙonewa zai yi. Araha ba ta ado.

Bayan an kawo shi gida

Ku fara cajinsa na tsawon awannin da takardarsa ta ce, galibi wajen awa takwas, kafin a ɗora masa aiki. Kada ku jona masa dutsen guga ko hita ko firji. Firinta mai amfani da garin tawada ma kada ta shiga, domin lokacin da take ɗumama tana jan ɗaruruwan wat a tashi ɗaya.

Babban abokin gaban batir shi ne zafi. Masu ƙera shi suna ba shi shekara uku zuwa biyar ne a yanayin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma yana rage wannan da kusan rabi. Ku tuna yadda ɗaki yake a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. Don haka ku ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da taga mai rana, kada a rufe shi da zane ko a jibga masa littattafai. Abokin gaba na biyu shi ne zuƙe shi har ƙarshe. Duk lokacin da kuka bar shi yana kuka har ya mutu da kansa, kun rage masa kwana. Yana fara kuka, ku danna Ctrl da S, ku rufe, ku kashe kwamfuta, ku kashe shi.

Ran da ya daina riƙe wuta, galibi batir ne kawai ya tsufa, ba sai an sayi sabuwar na'ura ba. A kai wa mai gyara ya canja da irinsa daidai. Ku da kanku kada ku buɗe shi, domin akwai wuta mai haɗari a ciki ko an zare filogi. Tsohon batirin kuma a mayar wa masu sayar da batir, kada a fasa shi a gida, kada a bar wa ƙanne su yi wasa da shi. Akwai asid da dalma a cikinsa. Dalmar da ke cikin ƙasar zinare ce ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma dalma ɗaya ce ko daga ina ta fito.

Aikin wannan mako

Ku je ɗakin kwamfutar makarantarku, ko wurin kwamfutar gida, ku karanta takardar da ke bayan allo da wadda ke jikin cajar rauta. Ku rubuta wat ɗin kowanne, inda kuma bolt da amfiya kawai aka rubuta, ku ninka su domin samun kiyasi. Ku sa wa kwamfutar kanta wat 120, ku haɗa jimla, ku ƙara kwata, sannan ku fitar da UPS mai VA nawa ya dace. Ku nuna wa malamin Fiziks ya duba muku. Wanda ya iya wannan lissafi, shi za a riƙa ɗauka a tafi da shi kasuwa.

Sai mako mai zuwa idan rai ya kai.