Da Wane Mudu Za a Auna Mawallafi da Ɗan Wasa?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a zaurukan malamai da rumfunan 'yan kasuwa, wai mai rubuta hikaya maƙaryaci ne da alƙalami, mai wasan kwaikwayo kuwa wawan sarki ne da ya sami albashi. Cikin masu faɗin haka akwai alarammomin da suka rubuta Alƙur'ani da ka, akwai dattawan fatake waɗanda ba a taɓa kama su da tauye mudu ba. Maganar irin waɗannan mutane ta cancanci a amsa ta da hujja cikin ladabi. Amma fa hukuncin ya yi tsanani, kuma da yawa cikin waɗanda ya faɗa a kansu 'ya'yan zaure ne.

A shekarar 1933 wani Bature, Rupert East, wanda ke riƙe da ofishin talifi a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman masu ilmi su rubuta labaru na ƙirƙira da Hausa. Ya sha wuya kafin ya sami masu amsawa, domin a ganin malaman lokacin nan tatsuniya aikin mata ne da yara bayan sallar lisha. To, su wane ne suka amsa? Akwai Malam Bello Kagara, malamin Larabci a Kwalejin Katsina, wanda daga baya ya yi alƙalanci har ya zama Walin Katsina. Shi ya rubuta Ganɗoki. Akwai ƙanensa Malam Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911 cikin gidan malanta da shari'a. Shi ya kawo Ruwan Bagaja. Akwai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta a Bauchi, da Shaihu Umar, sai Malam Muhammadu Gwarzo da Idon Matambayi. Watau hikayar Hausa ta zamani, da aka fara buga ta a 1934, hannun alƙali da ɗan alƙali ne suka yanke mata cibiya.

Ba kuwa daga Ingila suka ɗauko dabarar ba. Duk almajirin da ya yi nisa a karatun lugga ya san Maƙamatul Hariri, littafin nan na malamin Basra wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira. Maƙama hamsin ce, kowace ɗaya labari ne da aka ƙaga, Harisu ɗan Hammamu yana ba da labarin Abu Zaidi Assaruji, tsohon nan mai baki kamar zuma. A maƙama ta farko Abu Zaidi ya tsaya a birnin San'a yana wa'azi har jama'a suka tausaya, suka cika masa hannu da kyauta. Da Harisu ya bi shi a ɓoye, sai ya iske shi cikin kogo da gasasshen ɗan akuya da tulun abin sha a gabansa. A wata maƙamar ya zama maroƙi, a wata ya ja ɗansa gaban alƙali suka yi rigimar ƙarya don su ci kyauta. Mene ne wannan in ba wasan kwaikwayo a kan takarda ba? Ga shi kuwa ɗaruruwan shekaru manyan malamai na zaune bisa buzu suna fassara shi kalma bayan kalma, ba wanda ya ce Hariri maƙaryaci ne. Shi kansa Hariri ya hango masu suka tun a gabatarwar littafin, ya kafa musu hujja da labarun da a ke sa wa dabbobi magana a baki, ya mai da al'amarin ga niyyar mai rubutu.

Imam bai ɓoye ba cewa daga nan ya sha. Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, waɗanda ke ta haɗuwa gari bayan gari a Ruwan Bagaja suna rama wa juna cuta, jikokin Harisu ne da Abu Zaidi, an dai naɗa musu rawanin Hausa. Malamin da ya halatta wa kansa jin daɗin Assaruji da Larabci, da wace hujja zai haramta wa ɗan koli jin daɗin Zurƙe da harshen da ya sha a nono?

Sa'an nan a dubi abin da Imam ya yi da alƙalamin nan bayan haka. A 1936 aka ɗauko shi daga makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya, ya zauna wata shida yana talifin Magana Jari Ce, littafi uku. Ya tsinto labaru daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da littattafan Turawa da na Hindu, ya jiƙa su cikin Hausa har ba mai gane baƙi ne, ya sa su a bakin aku, wanda ya riƙa tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari don kada ya fita ya halaka. Yara nawa ne suka gyara harshensu da wannan littafi, Allah kaɗai ya san adadinsu. A watan Janairu na 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta Bahaushe na farko, har aka riƙa saka 'yar takarda ta ajami a ciki saboda waɗanda ba su karanta boko. A 1943, ana tsakiyar yaƙin Hitila, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya gana da Lugga ya faɗa masa abubuwan da ke damun Arewa, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Hannun da ya rubuta Zurƙe shi ne kuma ya rubuta Tarihin Annabi Kammalalle. Ya rasu a Zariya a 1981.

A gefe guda ga Malam Aliyu Namangi, makahon Zariya mai Waƙoƙin Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa. Ba wanda ya taɓa jayayya a kan darajarsa, domin wa'azi ya yi kai tsaye. Sai dai wa'azi ƙofofi gare shi da yawa, wani zuciyarsa ba ta buɗuwa sai an biyo ta hanyar dariya.

Nan ne maganar ɗan wasa ta shigo, kuma ita ta fi wuya. Kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kowane azumi, in ya kwana goma, yara kan fito tashe, wannan ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya layu ya zama boka, cikinsu har da almajirai, malamansu na gani suna murmushi. A gidajen sarauta an yi wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa a gaban idonsu, kowa ya ga halinsa a jikin wani. Malam Aminu Kano, ɗan gidan malamai kuma mai tafsiri, tun yana saurayi ya rubuta wasanni, ɗaya daga cikinsu a kan yadda a ke cutar baƙauye a kasuwar Kano. Malam Shu'aibu Maƙarfi ya yi Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, yana nuna abin da son kuɗi da rayuwar birni ke yi wa aure da tarbiyya. Littafi sai mai karatu, amma wasa, da ya shiga rediyo, ya isa kunnen matar kulle da mai jaki a hanyar cin kasuwa.

A 1976 Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Labarin yaro ne da aka sace aka ƙetare Sahara da shi zamanin cinikin bayi, uwarsa ta bi sawunsa har ta ƙare a wahala, shi kuwa ya zama malami mai almajirai. Da wuya a sami wani aiki da ya girmama malamin zaure a idon duniya kamar wannan, ga shi kuwa ɗan wasa ne ya ɗauki girman a kafaɗarsa. Ƙasimu Yero na Zariya, wanda ya rasu a 2017, yana cikin waɗanda suka fito da Magana Jari Ce a talabijin, har wanda bai taɓa riƙe littafin ba ya san Waziri Aku. Usman Baba Pategi, Banufe kuma tsohon soja, ya shekara da shekaru yana Samanja Mazan Fama a Kaduna da gurɓatacciyar Hausar bariki. Ya sa farar hula ya yi dariyar mai kaki ba tare da tsoro ba, a ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa a 1970. Ya rasu a 2023.

Lalle malamai suna da gaskiya a wani gefe. Tun da aka fara finafinan kaset a Kano da Turmin Danya a 1990, an ga raye-rayen da aka kwafo daga Indiya, an ga shigar da ba ta dace ba, an ga waɗanda suka shiga sana'ar don neman suna kawai. Domin haka ne gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Wanda ya yi ɓarna a faɗa masa ya yi ɓarna, a kira abin da sunansa. Amma a Kurmi ma akwai mai algus, akwai mai buga ƙasan mudu, ba a taɓa jin alƙali ya ce a rufe kasuwa saboda su ba. Fiƙihu ya saba rarrabe sana'a da mai sana'a, ya dubi abin da aka sayar da yadda aka sayar. Abin da a ke roƙo a nan shi ne a yi wa mawallafi da ɗan wasa irin wannan adalci, a karanta littafin ko a tambayi amintaccen da ya ga wasan kafin a yanke hukunci.

'Yan kasuwa kuma akwai tasu. Su ne suka kai littattafan nan ƙofar masallatai da tashoshin mota, daga Sakkwato har Kumasi, wannan alheri ne da ba a mantawa. Amma cikinsu ne kuma aka sami masu buga littafin mutum a ɓoye, da masu kwafar kaset da faifai dubu-dubu ba da izinin mai shi ba. An sha jin tsohon ɗan wasa, wanda ya cika gidaje da dariya shekara talatin, yana kwance ana nema masa kuɗin magani. Mutumin da ba zai taɓa ƙwayar goron wani ba, yaya ya ke ganin guminsa halal ne in ya fito daga aikin da wani ya yi wata shida yana rubutawa? A kai wannan mas'ala gaban malamin unguwa a ji ko zai ce ba hakki ba ne.

Shi kansa fim ɗin Shaihu Umar ya yi shekaru kusan arba'in ba a san inda ya ke ba, sai a 2016 aka tsinci faya-fayensa cikin wani tsohon ɗakin ajiya a Ikko. Aka kai su Jamus aka gyara, aka nuna shi a birnin Balin a 2018, Jamusawa suka zauna suna kallon malamin Hausa bisa buzunsa yana ba almajirai labarin uwarsa. Ya kamata attajiran Bauchi da Kano su nemi a kawo shi a haska a filin gari bayan sallar lisha, a gayyaci alarammomi su zauna a sahun gaba.