Kafin a sayi sabon hannun gem, a fara leƙa ƙarƙashinsa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gem a Kawo ko Unguwar Dosa ya san wannan yanayi: wasa ya yi zafi, saura duka ɗaya a gama da abokin karawa, sai akwatin ya zame gefe, yatsa ya sauka kan maɓallin da ba shi ake nufi ba. Wanda aka ci ya ce hannun gem ɗin ne ba shi da kyau, masu kallo su ce ai ba ya iyawa ne. Sau da yawa kuwa laifin yana tsakanin gindin akwatin da saman tebur.

Hannun gem mai sanda, wato akwatin nan mai sanda a hagu da manyan maɓallai a dama, an kwaikwayo shi ne daga injinan gidajen wasa na da, irin waɗanda Street Fighter II na kamfanin Capcom ya cika da jama'a daga 1991, Mortal Kombat ya biyo baya a 1992, Tekken kuma a 1994. A waɗancan injinan sandar tana ɗaure ne a jikin ƙaton akwatin da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa, don haka kome ƙarfin da ɗan wasa zai sa ba inda za ta je. Da aka ciro ta aka mai da ta abin ɗauka a hannu, sai aka baro nauyin a can. Ƙananan da suka fi araha, irin su Hori Fighting Stick Mini, ba su kai kilo ɗaya ba. Tura sanda da ƙarfi sau ɗaya ya isa ya kai irin wannan akwati bakin tebur.

Ga mai wasa a waya abin ya wuce faɗuwa a gem. Mafi yawan wayoyin Android suna karɓar hannun gem ta hanyar OTG, kuma wayar haɗin gajera ce. Idan akwatin ya zame sai ya fizgi wayar haɗin, ita kuma ta fizgi ramin caji. Yau da gobe ramin ya saki, caji ya fara shiga yana fita, a ƙarshe sai an kai wa mai gyara. Idan kuma an jingina wayar ne a jikin kofi ko littafi, kamar yadda aka saba, fizga ɗaya ta kifar da ita ƙasa, gilashi ya tafi. Asarar da aka yi a nan ta ninka kuɗin akwatin.

Shawarar da aka fi ba matashi ita ce ya tara kuɗi ya sayi babba, na Qanba ko 8BitDo, masu nauyi da shimfiɗar roba a ƙasa. Suna da kyau, ba gardama. Amma kaya ne da ake shigowa da su da dala, kuma abin da ke hana su motsi abu biyu ne kacal, nauyi da roba mai kama tebur. Dukansu ana samun su a Kaduna ba tare da an yi odar kome ba.

A fara da abin da ba ya cin ko sisi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana kwanciya a kan kome, ko da an rufe tagogi. Idan ta shiga tsakanin ƙafafun roba da tebur sai ta zama kamar ƙananan duwatsu masu mirginawa, robar ta daina kamawa. Mutane da yawa da suka ɗauka akwatinsu ya lalace, tsumma mai ɗan danshi kawai suke bukata: a goge tebur, a goge ƙafafun, a bari su bushe. Teburin roba da mai saman gilashi su ne suka fi santsi, na katako mara sheƙi ya fi su riƙo nesa ba kusa ba.

Sai roba. Ƙafafu huɗun da ke zuwa da ƙananan akwatuna ƙanana ne, wani lokaci ma robar tasu tauri gare ta kamar filastik. Tsohuwar robar cikin tayar mota, wadda masu faci ke jibgewa a gefen titi, idan aka wanke ta da sabulu aka yanka daidai faɗin akwatin aka shimfiɗa, tana yin aikin da ake biyan kuɗi mai yawa dominsa. Wanda ƙaurin roba ya dama sai ya nemi babbar shimfiɗar linzamin kwamfuta a shagunan kayan kwamfuta na Ahmadu Bello Way, ko robar nan mai huji-huji da ake shimfiɗawa a cikin durowar kicin.

Nauyi kuwa aikin Panteka ne. A wannan kasuwa ta maƙera da masu walda da ke kusa da Kaduna Polytechnic, yanka farantin ƙarfe daidai awo ba wani abu ba ne. A je da akwatin a auna, a huda farantin daidai inda notunan ƙasa suke, a goge bakinsa don kada ya yanki cinya, a ɗaure shi a gindi, sannan a manna roba a ƙarƙashinsa. Ƙarin kilo ɗaya yana canza akwatin gaba ɗaya. Wanda ya zaɓi sa ƙarfen a ciki ya tabbata ya naɗe shi, ya kuma ɗaure shi sosai, domin ƙarfe mai yawo idan ya taɓa allon lantarki zai iya ƙona shi.

Abin da bai kamata ba shi ne abin da wasu masu shaguna ke yi, su kafe akwatin da ƙusa ko su zuba masa sufa gulu. An fahimci dalilinsu, suna tsoron sata da ɓarnar yara. Sai dai maɓalli abu ne mai mutuwa, sanda ma tana bukatar a buɗe a share ta, kuma yawancin akwatunan ta ƙasa ake buɗe su. Ranar da maɓalli ɗaya ya tsaya, sai an fasa akwati ko an ɓata tebur. Matsin kafinta mai noti, wanda ake ɗaurewa a kwance, yana riƙewa daidai da ƙusa kuma ana cire shi cikin minti ɗaya.

Akwai ma masu ganin tebur ɗin ne bai da amfani tun farko, kuma suna da hujja. A gasar EVO da ake yi a Las Vegas, mafi yawan masu wasa da sanda a kan cinya suke ɗora ta.  Cinya tana bin motsin hannu, nauyin tafin hannu kuma yana danne akwatin. Matsalarta a nan gida ita ce sutura: shadda mai sitaci da yadi mai sulɓi sun fi gilashi santsi, jallabiya kuma tana tattarewa. Wandon jins yana riƙewa, idan kuma da kaftan aka fito, guntun robar nan a kan cinya ta wadatar. Ita kuma wayar a sa ta a mariƙinta, a haɗa da Bluetooth idan akwatin yana da shi, ko a nemi wayar haɗi mai tsawon da za ta bar rara.