Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Shirya Wa Jama'a Tafiyar Hutu Zuwa Ƙasashen Da Ake Shiga Ba Biza

Shiga ƙasa ba tare da biza ba alfarma ce da gwamnati ke yi wa masu riƙe da fasfon wata ƙasa, kuma tana da ikon janye ta duk ranar da ta ga dama. Wani lokaci alfarmar kan fito daga yarjejeniyar ƙasashe biyu, wani lokaci daga dokar ƙungiya irin ECOWAS, wani lokaci kuma shawara ce ta gwamnati guda mai neman kuɗin masu yawon buɗe ido. Ta ƙarshen nan ita ce ta fi saurin sauyawa, domin majalisar ministocin da ta kawo ta a zama ɗaya tana iya soke ta a zama ɗaya. Inda abin ke shafar ejan mai shirya tafiya shi ne tazarar lokaci. Abokin ciniki yakan biya kuɗin hutun Disamba tun watan Satumba, alhali dokar da za ta yi aiki a kansa ita ce ta ranar da ya miƙa fasfo a filin jirgi. Duk abin da ya sauya a cikin waɗannan watanni, ejan ne za a fara kira a waya.

Kalmar "ba biza" da ake rubutawa a tallan kamfanoni tana ɗauke da abubuwa daban-daban, kuma mai sana'a ya kamata ya bambanta su tun kafin ya buɗe baki. Akwai ƙasar da matafiyi zai nuna fasfo a buga masa hatimi ya wuce. Akwai wadda ke ba da biza bayan an sauka, a biya kuɗi a bi layi, kuma jami'in na iya hanawa. Akwai kuma wadda ta soke biza da suna, ta maye gurbinta da izinin da ake nema ta intanet kafin a hau jirgi. Kenya ta nuna yadda wannan na ukun ke rikita mutane. A Disambar 2023 Shugaba William Ruto ya sanar da cewa daga Janairun 2024 babu sauran biza. Da watan ya kama, sai ga tsarin eTA: a cike fom ta intanet kwanaki kafin tafiya, a biya kusan dala 30, a jira amsa. 'Yan wasu ƙasashen da a da suke shiga Kenya kyauta suka tsinci kansu cikin masu biya. Sai a Janairun 2025 majalisar ministocin ƙasar ta amince a ɗauke wa 'yan Afirka wannan sharaɗi, in ban da 'yan Somaliya da Libiya. Ejan ɗin da ya tsaya a kan jawabin shugaban ƙasa kaɗai, ya tura mutum filin jirgi da fasfo da tikiti a farkon 2024, ya tura shi ne a dawo da shi.

Sauyin doka ba ya zuwa da salo guda. Mafi muni shi ne wanda ke faɗowa ba sallama. A ranar 19 ga Yulin 2023 Birtaniya ta sanar da cewa 'yan Dominika, Honduras, Namibiya, Timor-Leste da Vanuatu sai da biza za su shiga, kuma dokar ta fara aiki a ranar. Abin da ta bari kawai shi ne rangwamen mako huɗu ga waɗanda suka riga suka yanki tikiti kafin sanarwar. Game da Dominika da Vanuatu, dalilin da aka bayar shi ne yadda suke sayar da shaidar zama ɗan ƙasa ga masu zuba jari. Wannan ya shafi attajiran da suka kashe maƙudan kuɗi suka mallaki fasfo na biyu don su huta da layin ofishin jakadanci. Rangwamen nan na mako huɗu yana da darasi na aiki: abin da ya ceci matafiyi a lokacin shi ne takardar da ke nuna ranar da aka yanki tikitinsa. Ofishin da ke ajiye rasit da saƙon tabbatarwa na kamfanin jirgi yana da abin nunawa a irin wannan rana.

Wani sauyin kuma ba a ma sanar da shi yadda ya kamata, sai dai matafiya su fara cin karo da shi. Tsibiran Seychelles sun yi suna da cewa ba sa neman biza daga kowa, sai izinin tafiya da ake cikewa ta intanet. A tsakiyar 2023 'yan Najeriya suka fara ganin ana ƙin amincewa da nasu, daga baya hukumomin ƙasar suka tabbatar da cewa an taƙaita shigar masu fasfon Najeriya da ke zuwa yawon buɗe ido, in ban da masu fasfon diflomasiyya da masu takardar zama ko ta aiki. A takarda ƙasar tana nan cikin jerin "ba biza" da shafukan intanet ke yaɗawa. A zahiri ƙofa ta rufe wa 'yan Najeriya a lokacin. Habasha ma a Oktoban 2022 ta daina ba 'yan Najeriya biza a filin jirgi, ta mayar da su ga nema tun daga gida.

Akwai kuma sauyin da ake ta ɗagawa har mutane su daina yarda zai zo. Birazil ta yanke shawarar dawo da biza ga 'yan Amurka, Kanada da Ostireliya tun 2023, aka ɗage ranar fiye da sau ɗaya, sannan ta fara aiki ranar 10 ga Afrilun 2025. Tarayyar Turai ta shafe shekaru tana ɗage tsarin ETIAS, izinin da 'yan ƙasashen da ba sa buƙatar biza za su riƙa nema ta intanet. A 2025 ta ce zai fara a ƙarshen 2026, ta kuma ɗaga kuɗinsa daga yuro 7 zuwa 20 tun bai fara ba. Irin wannan jan ƙafa yana jawo kuskure iri biyu. Wani ejan yakan karɓi kuɗin izinin da bai wanzu ba tukuna, ya zuba shi a shafin 'yan damfara da ke kwaikwayon na gwamnati. Wani kuma yakan gaji da jin "za a fara", ya daina dubawa, sai ranar ta zo masa da gaske. Tailan ta ba da misali na kusa da wannan: a Yulin 2024 ta ba 'yan ƙasashe 93 damar zama na kwana 60 ba biza, kafin shekara ta zagayo jami'anta suka fara maganar rage kwanakin zuwa 30. A nan ƙofar ba ta rufe ba, tsawon zaman ne ke rawa. Mai hikima yakan tsara hutun ya dace da gajeren wa'adin da ake raɗe-raɗi, ya bar dogon ya zama riba in ya ɗore.

Ko a Afirka ta Yamma, inda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa memba damar zama kwana 90 a ƙasar 'yar'uwa ba biza, lamarin bai tsaya cik ba. Mali, Burkina Faso da Nijar sun fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, a bar su su shiga ba biza har sai an ji wani umarni. Ƙasashen ukun ma, tun a Disambar 2024, sun ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga musu ba biza. Duk maganganun biyu sanarwa ce ta siyasa, ba ta da nauyin tsohuwar yarjejeniya, kuma "har sai an ji wani umarni" jimla ce da ejan zai riƙe a ransa duk lokacin da yake shirya wa iyali daga Kano zuwa Yamai, ko daga Maraɗi zuwa Akara. Izinin shiga ba biza kuma ba ya buɗe iyakar da aka rufe. Wanda ya ga yadda aka garƙame iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024, ya san haka.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa ke yanke hukunci a ranar tafiya. Kafin jami'in shige da fice na ƙasar da za a je, akwai ma'aikacin kamfanin jirgi a teburin awon kaya. Shi zai karɓi fasfo, ya duba ranar ƙarewarsa, ya buga sunan ƙasar matafiyi da inda zai sauka da inda zai yada zango a kwamfuta, ya karanta abin da ta nuna. Yawancin kamfanoni suna dogara ne da Timatic, rumbun bayanan da ƙungiyar IATA ke kula da shi. Kamfanin da ya ɗauki mutumin da ba shi da cikakkun takardu zai iya shan tara, kuma shi zai dawo da shi, saboda haka ma'aikacin ba ya sassauci. Matafiyi na iya cewa, "Ranka ya daɗe, ai a labarai aka faɗa ba biza," ya ɗaga waya ya nuna saƙon WhatsApp. Ma'aikacin zai juyo masa da fuskar kwamfuta kawai, ya kira na bayansa. Don haka ejan ya duba abin da kamfanin jirgi zai duba, ya haɗa da shafin hukumar shige da fice ta ƙasar ko ofishin jakadancinta. In biyun sun saɓa, ya ɗauki mafi tsauri, ya nemi amsa a rubuce. Jerin ƙasashen da ake turawa a zaurukan sada zumunta, wanda ba kwanan wata a jikinsa, ba hujja ba ne.

Hanyar da jirgi zai bi tana da nata dokar, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Barbados tana karɓar mai fasfon Najeriya ba biza, amma tikitin da ya fi araha yakan bi ta Landan ko Amurka. Ɗan Najeriya yana buƙatar bizar yada zango a filayen jiragen Birtaniya ko da ba zai fita daga filin ba, sai in yana da wata takardar da ta ɗauke masa. Amurka kuwa ba ta barin ɗan Najeriya ya ratsa ta ba biza. Ƙasashen Schengen ma sun sa Najeriya da Ghana a jerin waɗanda sai da bizar yada zango. Tikiti biyu da aka yanka daban-daban don rage kuɗi suna ƙara dagula lissafi, domin matafiyi zai fita ya ɗauki jakarsa ya sake miƙa ta, wato ya shiga ƙasar ke nan a idon doka.

Tunda ba wanda ya isa ya hana gwamnati sauya doka, abin da ke hannun ejan shi ne tsarin biyan kuɗi. Abin da ake iya dawo da kuɗinsa shi ake fara biya, wanda ba ya dawowa a bar shi ƙarshe. Otal ɗin da ke barin a soke ɗaki kyauta har kwana biyu ko uku kafin sauka ya fi wanda ya rage kaɗan ya riƙe kuɗin duka. Tikitin da ake iya sauya ranarsa ya fi tsada, kuma abokin ciniki zai yi ƙorafi, amma a bayyana masa bambancin da lambobi ya zaɓa da kansa. Inshorar tafiya a karanta sharuɗɗanta da kyau, domin da yawa ba sa biyan wanda aka hana hawa jirgi saboda rashin takardu. Idan ƙasar tana ba da biza ta intanet ga wanda ya nema, kuma ana ta raɗe-raɗin sauyi, neman bizar tun da wuri ya fi kwanciyar hankali ko da a yau ba a tilasta ba. Wasu ejan-ejan suna ganin wannan ɓarnar kuɗi ce. In aka auna kuɗin biza da kuɗin tikitin mutum biyar, maganar ba ta da tsawo.

Rashin biza kuma bai ɗauke sauran sharuɗɗa ba. Ƙasashe da yawa suna son fasfo ya rage aƙalla wata shida, da shafin da ba a buga komai ba, da tikitin dawowa, da adireshin masauki, da shaidar guzuri. Katin allurar shawara, wanda aka fi sani da yalo kat, ana tambayarsa daga masu fitowa daga ƙasashen da cutar take, kuma allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 ga wanda ya yi ta karon farko. Wanda ya je asibitin filin jirgi ana jibi tafiya ya makara.

Iyali guda na iya ɗauke da fasfo iri biyu ko uku, musamman idan an haifi wasu yaran a waje. Kowane fasfo a duba shi shi kaɗai. Yaro mai fasfon Amurka da a da yake shiga Birtaniya kai tsaye, tun Janairun 2025 sai an nema masa izinin ETA, wanda kuɗinsa ya tashi daga fam 10 zuwa 16 a Afrilun shekarar, yayin da mahaifiyarsa mai fasfon Najeriya ke tafiya da biza kamar kullum. Izinin da aka nema ta intanet yana maƙale da lambar fasfon da aka cike da ita. In aka sabunta fasfo bayan nan, sai an sake nema.

Saura maganar amana tsakanin ejan da mai kuɗi. Kafin a karɓi kafin alƙalami, a rubuta a takarda ko a saƙo cewa a rana kaza dokar shiga ƙasa kaza ga mai fasfo kaza ita ce kaza, kuma tana iya sauyawa. A fayyace wane kuɗi ne zai dawo in ta sauya, wane ne ba zai dawo ba, da ladan aikin ofis. Sannan a sake duba dokar ranar da za a yanki tikiti, a sake ana saura mako biyu, lokacin da neman biza ta intanet zai iya yiwuwa, a kuma sake ana saura kwana uku. In an ga sauyi, a kira Alhaji ko Hajiya a ranar, a faɗa musu zaɓin da ya rage: neman izinin gaggawa, ɗage tafiya, ko juya tikitin zuwa wata ƙasar da fasfonsu ke shiga a wannan makon.