Hutun Bakin Teku: Wa Ya Huta, Wa Ya Gaji?

Akwai wani hoto da kamfanonin yawon buɗe ido na ƙasashen Turai suka fi shekara hamsin suna tallar Afirka da shi, har yau kuwa bai tsufa ba. Miji ne da mata kwance a kan farin rairayi, inuwar bishiyar kwakwa ta lulluɓe su, ga teku shuɗi a gabansu iyakar ganin ido, kowannensu riƙe da tambulan mai sanyi. In ka ƙura ido can gefe, sai ka hangi wani baƙin mutum sanye da fararen kaya, ɗauke da faranti, yana murmushi. Ba a faɗin sunansa, ba a kuma faɗin albashinsa. To, saboda wannan mutum na gefe na ɗauki alƙalami.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan boko, a ɗakunan lacca da wuraren taron ƙara wa juna sani. Wai yawon buɗe ido masana'anta ce marar hayaƙi. Wai ƙasar da Allah ya hore wa rana da gaɓar teku ta yi ban kwana da talauci, abin da ya rage mata kawai ta gina otal, ta share rairayi, ta zauna jiran baƙi. Har wasu na cewa ran da man fetur ya ƙare, wannan ita ce mafitarmu. Ni dai na ce ganin kitse ake yi wa rogo. Ba kuwa sai mun tsallaka teku neman shaida ba, ga Gambiya nan a Afirka ta Yamma, wadda take shan wannan magani tun shekarar da ta sami mulkin kai.

A watan Fabrairu na 1965 Ingila ta sauke tutarta a birnin Bathurst, wanda aka mayar Banjul a 1973. A cikin wannan shekara ta 1965 ne wani Bature ɗan Suwidin, Bertil Harding, ya kwaso mutanen ƙasarsu wajen 300 ya kawo su shan rana, don a lokacin sanyi ƙasarsu ba ta zaunuwa. Yau babban titin da ya ratsa unguwannin otal-otal sunansa yake ɗauke da shi. Gwamnatin Dauda Jawara ta ga kamar tsuntsu ne daga sama gasasshe, ta keɓe zirin ƙasar da ke bakin teku domin masu gina otal. Ƙasar duka gaɓar tekunta ba ta wuce kilomita 80 ba, sai ga shi mafi kyawunta, daga Bakau zuwa Kotu zuwa Kololi, ya koma wurin kwanciyar baƙi. Daga baya Ingilishi suka fi kowa yawa, saboda tafiyar awa shida ce kacal a jirgi daga Landan, ga Turanci ana ji, ga araha.

Yanzu sai mu bi sawun kuɗin waɗannan ma'aurata namu na cikin hoto, mu ga inda suke kwana. Tun suna gida suka shiga ofishin kamfanin tafiye-tafiye, ko suka buɗe intanet, suka biya kuɗin jirgi da na ɗaki a dunƙule. Kamfanin na Turai ne. Jirgin shatar da ya ɗauko su na Turai ne. Inshorar da suka yanka ta Turai ce. Abin da ya rage shi ake aiko wa otal, bayan kamfani ya taya ɗakin tayin wulaƙanci, domin shi ke da baƙi, mai otal kuwa in bai sallama ba ɗakinsa ya kwana wayam. Daga ɗan abin da ya iso ɗin ma, wani kason zai sake komawa inda ya fito, don sayo giya da cuku da na'urar sanyaya ɗaki, kai, har albasa da dankalin Turawa daga Holan ake shigo da su Gambiya.

Kada a ce na yi son zuciya, bari in kawo shaidar da ta fi sassauci. Wasu masu bincike biyu, Jonathan Mitchell da Jojoh Faal, sun bi diddigin kuɗin nan a tsakiyar shekarun 2000. Suka gano cewa abin da ake kashewa a cikin Gambiya ya ɗan haura rabin abin da baƙo ya biya, sa'an nan daga cikin wannan rabin, wajen kashi 14 cikin 100 ne ke isa hannun talakawa. Masu goyon bayan harkar suna ɗaga wannan bincike suna murna, wai ashe ba duka ake kwashewa ba. To, mai karatu, yi lissafi da kanka. Kashi 14 na rabi, wato a kowace fam 100 da ma'auratan nan suka fitar, abin da ya faɗo wa kuku da mai shara da mai gadi da mai sayar da lemo da mai sassaƙa, dukkansu a haɗe, bai kai fam 10 ba. Wannan fa a ƙasar da ake buga misali da ita ke nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aikin ma na rabin shekara ne. Baƙi na zuwa daga Nuwamba zuwa Afrilu. Da damina ta kawo kai, jirage su ɗauke ƙafa, otal-otal da yawa su rage ma'aikata ko su rufe, a ce wa magidanci ya je gida sai an neme shi. Cikin 'ya'yansa kuwa bai san da lokacin baƙi ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ƙasa sukutum take zama a tafin hannun wasu 'yan mutane da ke zaune a ofis a wata nahiya. A Yulin 1994 Yahya Jammeh ya kifar da Jawara. A Nuwamban shekarar, bayan wani yunƙurin juyin mulki da bai yi nasara ba, ma'aikatar harkokin wajen Ingila ta shawarci mutanenta kada su je Gambiya. Takarda ɗaya tak. Kamfanoni suka janye, baƙin wannan kaka suka ragu da wajen rabi, otal-otal suka rufe, dubban ma'aikata suka koma zaman kashe wando. A 2014 cutar Ebola ta ɓarke a Gini da Laberiya da Saliyo. Ko mutum ɗaya ba a samu da ita a Gambiya ba, amma ga Baturen da ke zaɓen wurin hutu, Afirka duk gari ɗaya ce, sai ya soke tafiyarsa. A Janairun 2017, da Jammeh ya ƙi sauka bayan ya sha kaye a zaɓe, aka turo jirage aka kwashe dubban baƙi cikin 'yan kwanaki, ana tsakiyar kakar ciniki. Ran 23 ga Satumba 2019 kamfanin Thomas Cook, wanda asalinsa ya faro tun 1841, ya durƙushe a Ingila saboda bashin da ya yi masa katutu. Shi ke kawo sulusin baƙin Gambiya ko fiye. Wace mai sayar da gyaɗa a Kololi aka yi shawara da ita lokacin da manajojinsa ke cin bashin? Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba, korona ta rufe sararin samaniya a 2020. Wannan fa harka ce da ake ƙiyasta tana riƙe da kusan kashi 20 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar.

Mu da muka tashi muna jin labarin dalar gyaɗa a Kano bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Gambiya ma ƙasar gyaɗa ce. Turawan mulkin mallaka sun ɗora ta a kan amfanin gona ɗaya, wanda su ke yanka masa farashi, su ke da jirgin ɗaukarsa, su ke da injin matse shi. Da gyaɗa ta faɗi, sai aka ɗora ta a kan rana da rairayi, mai yanka farashi yana nan inda yake, mai jirgi yana nan inda yake. Bambancin kawai, da buhu ake lodawa a kai musu, yanzu su suke zuwa da kansu su ci a nan.

Wanda yake shakkar wa ke riƙe da akala, ya dubi abin da ya faru a 1999. Akwai wani tsari da baƙo zai biya kuɗin ci da sha da kwana gaba ɗaya tun daga gida, a ɗaura masa wani zare a hannu, ya shiga otal ba zai sake taɓa aljihunsa ba har ya tafi. Wannan tsari mutuwa ne ga mai gidan abinci na waje, da direban tasi, da matar da ke matse lemo a bakin ruwa, alhali kuwa binciken da na ambata ya nuna cewa ta irin waɗannan ƙananan saye-saye ne kuɗi suka fi isa ga talaka. Gwamnatin Gambiya ta hana tsarin. Kamfanonin Turai suka murtuke fuska, baƙi suka ragu, ba a daɗe ba gwamnati ta lashe amanta ta janye dokar. Gwamnatin mutumin da ya hau mulki da bindiga ke nan, wanda ke ɗaure 'yan jarida ba ya ko ƙifta ido, amma a gaban masu sayar da tikiti sai ya zama ɗan akuya.

Shi kansa rairayin da ake kwanciya a kai ba kyauta ya zo ba. Teku na cin gaɓar Gambiya, haƙar yashin gini kuma ta ƙara masa ƙarfi. Tsakanin 2003 da 2004 aka kashe miliyoyin daloli aka yaso yashi daga cikin teku aka zuba a gaban otal-otal ɗin Kololi. Cikin 'yan shekaru ruwa ya kwashe mafi yawansa. Ruwan sha ma haka. A 2012 wata ƙungiya ta Ingila mai suna Tourism Concern ta fitar da rahoto a kan ruwa a wuraren hutu. A wasu ƙauyukan Zanzibar ta tarar gida guda na amfani da wajen lita 93 a yini, ɗaki guda a babban otal kuwa yana lashe har lita 3,195, in an haɗa da kwamin iyo da ban ruwan furanni. Mace na tafe da tulu a ka, tana wuce katangar da ake shayar da ciyawa a bayanta.

Sai kuma abin da ba ya shiga lissafin kuɗi, wato mutunci. A bakin tekun Gambiya akwai samari majiya ƙarfi da ba su da sana'a sai bin Turawa, suna washe baki, suna neman abota, wasunsu suna bin tsofaffin matan da suka yi jika da su, da fatan aure da biza. Abin ya kai ga lalata da ƙananan yara, har majalisa ta kafa dokar laifuffukan yawon buɗe ido a 2003. Da samarin nan suka fara damun baƙi, sai aka zuba jami'an tsaro na musamman a bakin ruwa don korarsu. A duba wannan da kyau: ɗan ƙasa ake kora daga gaɓar da kakanninsa suka yi su a cikinta, domin kada ya ɓata wa baƙo barcin rana. Da safe kuma a ɗebi baƙon a kai shi Jufure da tsibirin Kunta Kinte, wuraren da littafin Alex Haley na 1976 ya fito da sunansu, ya ga inda aka tsare bayi, ya yi tsaki, ya ɗauki hoto, ya koma otal kafin a rufe cin abincin dare.

Ina waɗannan samari suke ƙarewa? Da yawansu sun bi ta Bamako da Yamai da Agadas, suka keta Sahara zuwa Libiya, 'yan'uwanmu na Nijar sun ga wucewarsu da idonsu. Wasu suka bi ta ruwa. A Disamban 2019 wani kwale-kwale da ya tashi daga Barra, garin da ke fuskantar Banjul a ɗaya hayin kogi, ya kife a gaɓar Muritaniya, mutum fiye da 60 suka halaka. Tekun nan dai guda ne, shi ne shuɗin nan na cikin hoto. Ɗan Ingila na shiga Gambiya ba tare da biza ba. A 2021 kuwa Tarayyar Turai ta ƙara tsaurara wa 'yan Gambiya sharuɗɗan biza, don a ganinta gwamnatinsu na jan ƙafa wajen karɓar waɗanda aka koro. Abin dariya abin kuka, waɗanda suka tsira suka isa, suna wanke-wanke da aikin gona a Italiya da Sifen, su da sauran 'yan ƙasar mazauna waje, sun aiko gida da sama da dala miliyan 700 a 2021, kuɗin da ke shiga tukunyar uwa kai tsaye ba tare da wani kamfani ya fara gutsura ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce mene ne laifin miji da mata da suka yi shekara suna aiki, suka tara 'yan kuɗinsu, suka zo su huta mako biyu? Ba su da laifi, kuma ba da su nake faɗa ba. Da yawansu ma talakawan ƙasarsu ne, direbobi da masu jinya. Za a kuma ce in baƙi suka daina zuwa, kukun nan da mai gadin nan me za su ci? Tambaya ce mai nauyi, amma ita ce ma hujjata: ƙasar da ta shekara sittin a kan hanya, sa'an nan aka wayi gari ba ta da amsar wannan tambaya, to, hanyar ba ta kai ta ko'ina ba. Faɗana da masu mulki ne da 'yan bokon da ke ba su shawara, waɗanda suka ɗauki abin da ya kamata ya zama ƙari suka mayar da shi tuwo, suka ja wuta da ruwa da kwalta zuwa bakin teku, suka bar manomin shinkafa na cikin ƙasa da fartanya, har ƙasar da kogi ya ratsa ta daga kai zuwa ƙafa take sayo mafi yawan shinkafar da take ci daga waje.

Yanzu kuma ga namu sun shiga layi. 'Ya'yan masu hali in an ɗaura aure sai Zanzibar cin amarci, a dawo a cika Instagram da hotuna, irin hoton nan dai sak, har da mai farantin a gefe. A Ikko kuwa, Bar Beach da kowane talaka ke zuwa shan iska kyauta an cike ta da ƙasa an kafa Eko Atlantic, sauran gaɓar kuma mafi yawanta sai ka biya kuɗin shiga. Wanda duk yake ganin wannan ce hanyar da za ta fisshe mu, filin mujallar nan a buɗe yake. Ya zo a fitowa ta gaba, amma ya taho da lissafi: a cikin kowace naira 100 da baƙo zai kashe, nawa ne zai kwana a aljihun mai farantin, kuma wa zai ciyar da shi daga Mayu zuwa Oktoba?