Masu kiran Escobar gwarzo, ku zo mu yi lissafi

Jama'a, abin nan ya fara isa ta. Duk kwana biyu sai ka ga matashi ya liƙa hoton Pablo Escobar a shafinsa, ya rubuta "oga" ko "uban talakawa" a ƙasa. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce ai mutumin ya gina wa talakawa gidaje, kuma gwamnati ma shakkarsa take. To tunda yawancinku a fim ɗin Narcos kuka san shi, ku zo mu yi lissafi.

Gidaje kam ya gina. A birnin Medellin na ƙasar Kolombiya ya kwashe mutanen da ke zaune a kan juji ya ba su matsuguni, har yau da sunansa ake kiran unguwar. Ya yi filayen ƙwallo, ya sa musu fitilu. Amma da wane kuɗi? Da kuɗin hodar iblis da yake turawa Amurka, kuɗin da ya sa mujallar Forbes ta saka shi cikin manyan attajiran duniya a 1987. Kyautar kuma ciniki ce. Da ita ya samu shiga majalisar wakilai a 1982, da ita ya mayar da unguwanni garkuwarsa, kuma daga cikin 'ya'yan talakawan nan yake ɗibar yaran da ke hawa babur su je su yi masa kisa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Zaɓi biyu yake ba alƙali ko ɗan sanda: azurfa ko dalma. Wato ka karɓi cin hanci, ko ka sha harsashi. Ministan shari'a Rodrigo Lara Bonilla ya tona masa asiri, aka harbe shi a 1984. Guillermo Cano, editan jaridar El Espectador, ya ƙi yin shiru, aka kashe shi a 1986. Luis Carlos Galan, ɗan takarar shugaban ƙasa, a kan dandamalin kamfe aka bindige shi a watan Agustan 1989. A Nuwamban shekarar aka dasa bam a jirgin Avianca, mutum 107 da ke ciki babu wanda ya tsira. Don Allah ku gaya min, fasinjojin nan me suka yi masa? Ya sa lada a kan duk ɗan sandan da aka kashe, aka hallaka ɗaruruwa. Su 'yan sandan 'ya'yan masu kuɗi ne? Talakawa ne masu jiran albashin ƙarshen wata.

Masu cewa ya fi ƙarfin gwamnati, ku dubi ƙarshensa. A 1991 ya miƙa wuya da sharaɗin ba za a kai shi Amurka ba, ya zauna a kurkukun da ya tsara wa kansa, La Catedral, har da filin ƙwallo. Da aka zo sauya masa wuri a 1992 sai ya gudu. Wata goma sha shida yana ɓuya gida-gida kamar ɓera. Ranar 2 ga Disambar 1993, kwana ɗaya da cikarsa shekara 44, aka bi sawun wayar da yake yi da ɗansa, aka harbe shi a kan rufin gida, ko takalmi babu a ƙafarsa. Matarsa da 'ya'yansa suka bar ƙasar, suka canza suna. Ɗan da ya haifa ma daga baya ya nemi gafarar 'ya'yan waɗanda ubansa ya kashe. Shi ɗansa yana neman yafiya, kai kuma daga nan kana masa kirari!

Abin da ya fi damuna shi ne halin da ke bayan wannan yabon. Mun saba in mutum ya yi kuɗi ba ma tambayar ina ya samo, in dai yana rabo. To wanda ke shigo da tiramadol da kodin unguwarku, ya mayar da ƙannenku mashaya, in ya raba shinkafa da azumi shi ma uban talakawa ne? Uwar da ɗanta ya haukace da ƙwaya, buhu nawa za a ba ta?

Ku cire hoton nan. In lallai sai kun liƙa na ɗan Kolombiya, ga Guillermo Cano nan, wanda ya san za a iya kashe shi kuma bai ajiye alƙalami ba.

Allah Ya tsare mana zuri'a.